Quincy: garin da ya sa aka fara binciken abin da ke cikin buhun taki

Lambobi uku ake bugawa a jikin buhun takin zamani, kamar 15-15-15 ko 20-10-10, kuma su ne alkawarin da kamfani ya ɗaukar wa manomi: naitirojin kaza, fosfarus kaza, fotash kaza. Idan jami'in gwamnati ya ɗebi samfur ya kai ɗakin gwaje-gwaje, waɗannan ukun yake aunawa, ya ga ko an cika alkawari ko an tauye mudu. Sauran abin da ke cikin buhun kuwa, wanda sau da yawa ya fi rabin nauyinsa, babu mai tambaya a kansa. Haka lamarin yake a duk jihohin Amurka har ƙarshen shekarun 1990, kuma abin da ya sauya shi ya faro ne daga wani ƙaramin gari mai suna Quincy a jihar Washington, can arewa maso yammacin ƙasar.

Quincy garin manoma ne, mutanensa a lokacin kusan 4,000. Ƙasar wurin busasshiya ce, ruwan da ake turowa daga madatsar Grand Coulee a kan kogin Columbia shi ya mai da ita gonakin dankalin turawa da masara da alkama da wake da tuffa. Duk wanda ke garin, ko dai yana noma, ko yana aiki a masana'antar sarrafa amfanin gona, ko yana sayar wa manoma kayan aiki. A cikin masu sayarwar akwai kamfanin Cenex, mai cinikin taki da maganin feshi. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin ya gina wani kududdufi na siminti kusa da makarantun garin, inda ake zuba ruwan da aka wanke tankuna da motocin feshi. Shekara da shekaru abubuwa suna taruwa a ciki, ruwa yana ƙafewa, dagwalo yana ƙara kauri.

Da lokacin rufe kududdufin ya yi, hanya biyu ce a gaban kamfanin. Ko ya kira abin da ke ciki shara mai haɗari, ya biya kuɗi mai yawa a kai shi inda doka ta tanada, ko ya kira shi taki ya watsa a gona. A 1990 aka watsa shi a gonar wani manomi. Masarar da aka shuka ba ta yi kyau ba. Daga baya aka shuka ciyawar dabbobi a wurin, wata mai kiwon dawaki ta sayi harawar, wasu daga cikin dawakinta suka mutu, ta kuma ɗora laifin a kan harawar. Wasu manoman yankin su ma suka fara kukan amfanin gonarsu ya ja baya, shanunsu suna ciwo. Patty Martin, wadda aka zaɓa magajiyar garin a 1993, ta saurare su, ta shiga neman takardu da sakamakon gwaje-gwaje tare da su.

A nan ne abin mamaki ya fito. Sakamakon gwajin ragowar kududdufin, da na lakar da manoma suka kwaso daga gindin tankunan taki suka aika ɗakunan gwaji masu zaman kansu, ya nuna ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam da asanik. Ragowar maganin ciyawa da na ƙwari a irin wannan wuri ba abin mamaki ba ne. Amma ƙarafa daga ina? Bin diddigin wannan tambaya shi ya kai su ga gano wata sana'a da take gudana a fili, da yardar doka, ba tare da manoman da ke sayen kayan sun sani ba: mayar da sharar masana'antu taki.

Ga yadda take tafiya. Masana'antar da ke narka tsofaffin ƙarafa da wutar lantarki tana tara wata ƙura mai laushi a matatar hayaƙinta. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta sa wa wannan ƙura lamba K061 a jerin shara mai haɗari, saboda akwai dalma da kadmiyam a cikinta, kuma dalmar kan kai kashi 1 cikin 100 ko fiye. Sai dai kuma tana da zinki mai yawa, wanda shuka ke bukata kaɗan-kaɗan, masara musamman. A 1988 hukumar ta keɓe takin da aka yi da wannan ƙura daga sharuɗɗan da ke kan sauran shara mai haɗari. Mai masana'anta ya huta da kuɗin binnewa, mai taki ya samu zinki da arha, wani lokacin ma shi ake biya ya ɗauka. Wani kamfani mai suna Bay Zinc a garin Moxee, cikin jihar ta Washington, yana cikin masu wannan aiki, kuma shugabansa bai ɓoye ba da aka tambaye shi. Ya ce idan kayan za su shiga rumbunsu shara ce mai haɗari, idan suka fito daga rumbun kuwa doka ba ta da iko a kansu, alhali kayan nan dai su ne ba su sauya ba.

Ɗan jarida Duff Wilson ne ya fitar da wannan magana a jaridar Seattle Times a watan Yulin 1997, bayan Martin da manoman sun kai masa abin da suka tara. Ya nuna cewa abin ya wuce Quincy nesa ba kusa ba. A Gore ta jihar Oklahoma, wata masana'antar sarrafa yuraniyam tana fesa ruwan shararta a dubban eka na makiyaya da lasisin taki. A yankin Tifton na jihar Georgia, gyaɗa ta ƙone a gonaki masu yawa bayan an zuba wani haɗin farar ƙasa da sharar masana'anta. Babu dokar tarayya da ta iyakance ƙarafa masu guba a taki, babu kuma wajibcin rubuta su a jikin buhu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan lamari shi ne, tun kafin 1997 ɗakunan gwajin taki na jihohi suna aiki kullum, da ƙwararrun ma'aikata da na'urori masu tsada. Takin da aka yi da ƙurar K061 yana iya shiga ɗakin gwaji ya fito da shaidar inganci, domin buhu ya ce zinki kashi kaza, an auna an samu kashi kazan. Na'urar da ta auna zinkin tana iya auna dalma a cikin ruwan samfur ɗin nan. Ba a dai umarce ta ba.

Da gwamnatin jihar Washington ta tashi gwada takin da ke kasuwa a 1997 da 1998, sai aka ga cewa ko an yanke shawarar neman ƙarafan, akwai wata gardamar a gaba: wace irin tambaya za a yi wa samfur? Gwaji biyu ne suka yi fice, kuma amsarsu kan sha bamban a kan taki ɗaya.

Na farko shi ne wanda dokar shara ta saba da shi, ana kiransa TCLP. Ana zuba samfur a cikin ruwa mai ɗan tsami, ninki 20 na nauyinsa, a rufe kwalbar a ɗora ta a kan wata na'ura da ke juya ta har awa 18, sannan a tace ruwan a auna abin da ya narke. Idan dalma ta kai miligiram 5 a lita, ko kadmiyam ya kai miligiram 1, abin ya zama shara mai haɗari. An ƙirƙiri wannan gwaji ne don a kwaikwayi abin da ke faruwa a ramin binne shara, inda ruwan ruɓaɓɓen juji ke ratsa kaya ya gangara ƙarƙashin ƙasa. Bai san komai ba game da saiwar shuka da za ta yi shekara talatin tana tsotsar ƙasa ɗaya, ko yaron da ya sa hannu a buhu ya kai baki, ko ma'aikacin da ke shaƙar ƙura a wurin haɗa taki.

Na biyu shi ne auna jimillar ƙarfen da ke cikin samfurin, kuma shi jihar Washington ta ɗora dokarta a kai, ta hanyar da EPA ta sa wa lamba 3050B. Aikin yana farawa tun daga sito. Ba a ɗiba daga bakin buhu ɗaya, domin takin da aka haɗa daga ƙwayoyi iri-iri yana rarrabuwa a hanya, ƙanana su gangara ƙasa, manya su taso sama, kuma sau da yawa ƙwayoyin zinkin da ke ɗauke da matsalar su ne 'yan kaɗan a ciki. Ana soka dogon bututun ɗiba a buhuna da dama, a haɗa, a rarraba, a niƙe ya zama gari. Daga garin nan giram ɗaya ko biyu kacal za a auna a zuba a kwalbar gwaji. A zuba masa asid ɗin naitirik, a dafa a zafin digiri 95. Idan akwai abin da asid ɗin ke ci, wani hayaƙi ja-ja mai duhu yakan tashi, sai a yi ta ƙara asid har hayaƙin ya daina. Sannan a ɗiga haidirojin faroksaid a hankali saboda yana kumfa, a biyo da asid ɗin haidirokulorik, a tace, a cika da tsabtataccen ruwa zuwa mililita 100. Giram ɗayan nan shi zai yi magana da yawun tan ɗari na kaya, shi ya sa kuskuren ɗiba ya fi kuskuren na'ura yawa da muni.

Ruwan da aka samu ana fesa shi cikin wani harshen wuta na iskar agon, mai zafin digiri 6,000 zuwa sama, a na'urar da ake kira ICP. A wannan zafi kowane ƙarfe yana fitar da haske irin nasa, na'ura ta rarrabe hasken ta auna ƙarfinsa, ta kwatanta da na ruwan da aka riga aka san adadin ƙarfen da ke cikinsa. Wani nau'in na'urar kuma nauyin ƙwayoyin zarra yake aunawa maimakon haske, kuma ya fi gano abu ɗan mitsitsi. Zaiba ita kaɗai ake ware mata hanya, a mai da ita tururi ba tare da wuta ba, a auna yadda tururin ke shanye hasken wata fitila.

Taki kuwa ba samfur ne mai sauƙin kai ba, kuma a nan ake gane gwani. Takin da ke da baƙin ƙarfe mai yawa yana fitar da haske dab da inda ake karanta kadmiyam, sai ma'aikacin da bai yi gyara ba ya rubuta kadmiyam ɗin da babu shi. Idan ya gudu zuwa wani layin hasken kadmiyam, a can kuma asanik ke jiransa. A na'ura mai auna nauyi, sinadarin kulorin da ke cikin fotash yana haɗuwa da agon ya ba da nauyi 75, daidai da na asanik. Saboda haka ɗakin gwaji na kirki ba ya miƙa lamba ɗaya tsura. Yana gwada kwalbar da babu samfur a ciki don ya ga ko asid ɗinsa ko kwanukansa ne suka kawo datti. Yana gwada samfur ɗaya sau biyu. Yana zuba sanannen adadin ƙarfe a cikin samfur ya ga ko zai same shi cif. Yana kuma gwada takin da aka riga aka tabbatar da abin da ke cikinsa. Irin waɗannan matsaloli ne suka sa daga baya masana suka tsara hanyar da aka yi ta musamman don taki, wadda AOAC, ƙungiyar masana gwajin sinadarai, ta amince da ita a 2006, inda ake narka samfur a rufaffiyar kwalba cikin tanda mai aiki da maikurowef.

Wannan tsantseni yana da alaƙa da raunin hujjar mutanen Quincy. Lakar da ta kwanta a gindin tanki shekaru da yawa ba ta wakiltar takin da aka zuba a gona, kuma samfur ɗin da manomi ya kwasa da kansa, ba shaida ba hatimi, abu ne mai sauƙin musantawa. Hukumomin jiha ba su tabbatar da cewa ƙarafan taki ne suka kashe amfanin gona ko dabbobi ko suka jawo wa mutanen garin ciwo ba. Gurɓatar da aka tabbatar a wurin kududdufin, wadda ta sa aka yi aikin tsabtace ƙasa da ruwan ƙarƙashinta, ta wani maganin turara ƙasa ce. Wajibi ne a faɗi wannan. Amma tambayar da suka tayar daidai take, kuma gwajin gwamnati da kansa ya nuna haka.

Rahoton da ma'aikatar muhalli ta jihar ta fitar a 1999 ya nuna cewa mafi yawan takin da aka gwada ba shi da ƙarafa masu yawa. Matsalar ta taru ne a wurare ƙalilan: takin ƙananan sinadarai irin na zinki da aka yi da sharar masana'antu, da wasu takin fosfat masu kadmiyam. Shi kadmiyam ɗin fosfat ba zuba shi aka yi ba, tare da dutsen aka haƙo shi, kuma dutsen jihar Idaho da maƙwabtanta yana da shi da yawa. An kuma nemi dayoksin, gubar da ke samuwa wurin ƙone-ƙone, wadda sai da na'ura ta daban mai tsadar gaske ake iya ganinta, aka same ta da yawa a takin da ya fito daga ƙurar masana'antar ƙarfe. Da aka kwatanta ƙasar gonaki da ƙasar da ba a taɓa nomawa ba a yankin, an ga kadmiyam da zinki sun ɗan fi yawa a gonaki, ko da yake ba su kai matakin tayar da hankali ba. A ganina wannan ɗan bambanci shi ne sakamako mafi nauyi a rahoton, domin ƙarfe ba ya ruɓewa. Abin da aka zuba bana yana nan yana jiran na baɗi.

Tun kafin rahoton ya fito majalisar jihar ta yi doka. A 1998 gwamna Gary Locke ya sa hannu a dokar da ta mai da Washington jiha ta farko da ta sa wa ƙarafan taki iyaka. Ƙarafa tara ta ƙunsa: asanik, kadmiyam, kobalt, zaiba, molibdinam, nikel, dalma, siliniyam da zinki. Ma'aunin daga Kanada aka aro shi, inda aka ƙayyade abin da za a iya tara wa hekta ɗaya cikin shekara 45: kadmiyam kilo 4, dalma kilo 100, asanik kilo 15, zaiba kilo 1. Aka raba waɗannan da 45 aka samu rabon kowace shekara. Duk kamfanin da zai yi rajistar taki sai ya kawo sakamakon gwajin ƙarafan, wanda ya fito daga shara kuma sai ma'aikatar muhalli ta duba shi. Aka buɗe rumbun bayanai a intanet, kowa zai iya shiga ya rubuta sunan taki ya ga dalma nawa ce a cikinsa.

Dokar tana da kafa, kuma ba ƙarama ba. Tunda iyakar ta dogara ne da yawan abin da zai sauka a gona, ana lissafa ta ne da adadin da aka rubuta a jikin buhu cewa a zuba. Taki mai datti zai iya tsallakewa idan kamfani ya rage adadin da ya rubuta, manomi kuwa ya ci gaba da zuba yadda ya saba. Gardamar wani takin lambu mai suna Ironite ta nuna wata kafar. An yi shi ne da ragowar wata mahaƙar ma'adinai a jihar Arizona, gwaji ya nuna asanik da dalma dubban miligiram a kowane kilo, kamfanin kuma ya ce ƙarafan a ɗaure suke cikin ma'adinan da ba sa narkewa a jiki. Ɓangare ɗaya yana riƙe da sakamakon jimilla, ɗayan yana riƙe da hujjar abin da ke narkewa, kowa da takardarsa daga ɗakin gwaji. Ni dai na fi karkata ga jimilla a matsayin ma'aunin doka, saboda ma'adinin da bai narke a kwalba cikin awa 18 ba yana da shekaru da ruwan sama da tsamin ƙasa a gabansa.

Amfanin gwajin ya bayyana da wuri. A shekarar 2000 aka gano a jihar Washington cewa wani zinki salfet da aka shigo da shi daga Sin yana ɗauke da kadmiyam da ya kai kusan kashi 10 cikin 100 ko fiye a wasu samfura, aka dakatar da sayar da kayan da aka haɗa da shi. Ido ba zai raba wannan farin gari da mai kyau ba, gwajin zinki kaɗai ma ba lallai ya tona shi ba.

A watan Yulin 2002 EPA ta soke gatan da ta ba ƙurar K061, ta kafa iyaka ga takin zinki da aka yi da shara mai haɗari. Ga kowane kashi 1 cikin 100 na zinki, dalma kada ta wuce miligiram 2.8 a kilo, kadmiyam 1.4, kuromiyam 0.6, asanik 0.3, zaiba 0.3. Idan taki yana da zinki kashi 36, dalmarsa ba za ta haura miligiram 100 da 'yan kai ba, alhali ɗanyar ƙurar tana ɗauke da ninki ɗari na haka. Dayoksin kuma aka tsayar da shi a kashi 8 cikin tiriliyan. Wato dole a tace zinkin a raba shi da dattinsa kafin ya shiga buhu, abin da masana'antu suka daɗe da iya yi. Jihohin California da Oregon su ma suka kafa nasu iyakokin a farkon shekarun 2000. Har yau dai babu iyaka guda ta tarayya da ta shafi dukkan takin Amurka.

Batun kadmiyam na fosfat ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin fosfat ɗin da ake haɗa taki da shi a Nijeriya daga Maroko yake zuwa, kuma dutsen fosfat na Maroko da Togo da Senegal yana cikin masu ɗauke da kadmiyam. Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 60 a kowane kilo na fosfat ga takin da ke ɗauke da tambarinta tun daga Yulin 2022. Nijeriya ta yi dokar kula da ingancin taki a 2019, kuma kukan da aka fi ji a wurinmu shi ne na algus, a cakuɗa yashi ko a tauye sinadari. Wannan kuka ne na gaskiya, amma gwajin da ke kama mai algus shi ne irin wanda takin K061 ya yi shekaru yana tsallakewa. Wanda ya tuna yaran Zamfara da dalma ta kashe a 2010 ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da wannan ƙarfe ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro.

Ita kuwa Patty Martin, garinta bai gode mata ba. Manoman jihar Washington ba su manta da yadda kasuwar tuffa ta faɗi a 1989 ba sakamakon rahoton talabijin a kan sinadarin Alar da ake fesa wa tuffa, kuma da yawa sun ga maganarta a matsayin barazana ga dankalinsu da ayyukansu. A zaɓen Nuwamban 1997, wata huɗu bayan fitowar rahoton jaridar, aka kayar da ita da rata mai yawa. Daga baya ta shiga kafa ƙungiyar Safe Food and Fertilizer, wadda ta kai EPA kotu a kan dokar 2002, tana cewa shara mai haɗari ba ta da gurbi a gona ko an tace ta. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da mafi yawan dokar, ta dai mayar wa hukumar batun iyakar kuromiyam ta ƙara bayani a kai.